Bututun da ke zuƙe zafin ƙasa ba tare da inji ba: tambayoyi da amsoshi kan tamosaifon

Wanda ya taɓa ganin hoton bututun mai na jihar Alaska ta Amurka, ko na layin dogon da ke hawa tudun Tibet, zai lura da wasu sandunan ƙarfe a jere, kowanne da kai mai fikafikai, a tsaye cikin dusar ƙanƙara. Ba waya a jikinsu, ba inji, ba hayaƙi. Su ne tamosaifon, kuma su ke riƙe da ƙasar da manyan ayyukan nan ke zaune a kai. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wai mene ne tamosaifon?

Bututun ƙarfe ne da aka zuƙe iskar cikinsa tas, aka zuba masa wani ruwa kaɗan mai saurin zama tururi, galibi amoniya ko kabon dayoksaid, sannan aka toshe shi ruf. Ana binne mafi yawan tsawonsa a ƙasa, a bar kansa a waje yana shan iska. Kan nan ake yi wa fikafikan ƙarfe irin na lagireto, domin iska ta sami wurin taɓawa da yawa.

Aikinsa guda ne, wato ya kwaso zafi daga ƙasa ya miƙa wa iska. Ruwan da ke gindi yana karɓar ɗumin ƙasa ya zama tururi. Tururin ya hau, ya tarar da kan bututun da sanyi, ya koma ruwa a jikin bango, ya gangaro gindi, a sake sabon zagaye. Haka zai yi ta yi dare da rana muddin iskar waje ta fi ƙasa sanyi. Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunya ya ga ɗigon ruwa na bin jikinsa suna komawa ciki ya riga ya san rabin labarin. Sauran rabin shi ne, a nan abin da ke tafasa ruwan ƙasa ce mai sanyin da hannu ba zai jure ba.

Ta yaya ruwa zai tafasa a cikin ƙasar da ta daskare?

A nan ne mutane da yawa ke cewa da sake. Mun saba ganin tafasa tare da wuta, amma tafasa ta dogara ne da abu biyu: irin ruwan, da kuma matsin da ke kansa. Ruwan sha ma, a kan dutse mai tsawo, yakan tafasa tun bai kai digiri 100 ba, saboda iskar da ke danne shi ta ragu. Ita kuwa amoniya, in aka bar ta a fili, tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. A cikin rufaffen bututun da ba kowa sai ita, ruwanta da tururinta sukan daidaita, su zauna kullum a bakin tafasa. A digiri sifili, matsin da ke cikin bututun amoniya ya ɗan haura ninki 4 na matsin iskar da muke shaƙa. Na kabon dayoksaid kuwa yana kusan ninki 35.

To a ce iskar waje ta sauka zuwa digiri 25 ƙasa da sifili, ƙasar da gindin ke ciki kuma tana digiri 2 ƙasa da sifili. Tururin da ke can sama zai taɓa ƙarfe mai sanyi ya koma ruwa. Yana komawa ruwa, matsin ciki ya ragu. Matsi na raguwa, ruwan gindi ya soma tafasa, zafin da yake bukata kuma daga ƙasar da ke kewaye da shi zai ɗebo. Kowane kilo na amoniya da ya zama tururi yana tashi da zafin da ya haura kilojul 1,200 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), shi ya sa siririn bututu ke kwasar abin da sandar jan ƙarfe mai kaurinsa ba za ta ko kusanta ba.

Da za a iya leƙa ciki a wannan lokaci, ba za a ga ruwa na kwararowa ba. Siririn lulluɓin ruwa ne ke bin bango yana sauka a hankali, tururi kuma na hawa ta tsakiya. Wani ɓangare na lulluɓin nan yakan sake zama tururi tun bai kai gindi ba, duk inda ya ratsa ƙasa mai ɗan ɗumi. Don haka bututun yana sanyaya ƙasa a duk tsawonsa, ya kuma fi jan zafi a inda zafin ya fi yawa, ba tare da an saita masa komai ba.

In bazara ta zo, iska ta fi ƙasa zafi, ba zai juya ya riƙa kai zafi ƙasa ba?

Ba zai juya ba, kuma a ganina duk hikimar abin a nan take. Idan kan bututun ya fi gindinsa ɗumi, tururi ba shi da wurin da zai koma ruwa a sama. Ruwan gaba ɗaya sai ya taru a gindi ya kwanta. Ba abin da zai ɗaga shi sama ya karɓo zafi, tunda nauyinsa ne kaɗai ke motsa shi, nauyi kuwa ƙasa yake ja. Sai zagayen ya tsaya cak. Ɗan zafin da ke bin bangon ƙarfe ya sauka bai taka kara ya karya ba.

Da sandar ƙarfe zalla aka kafa, abin da ta kwashe da hunturu za ta mayar da bazara, a tashi a tutar babu. Shi tamosaifon yana kama aiki da kansa idan sanyi ya shigo, ya ajiye da kansa idan ya wuce, ba makunni, ba na'urar auna zafi, ba mai gadi.

Wannan na nufin ƙasar tana ɗumama a duk watannin da bututun ke hutu. Lissafin injiniyoyi shi ne a tara mata sanyi da hunturu fiye da abin da bazara za ta iya cinyewa. Shi ya sa awon da suka fi damuwa da shi shi ne na ƙarshen lokacin zafi, kafin sanyi ya dawo, lokacin da ƙasar ta kai iyakar ɗuminta na shekara.

Me ya sa ake son ƙasa ta zauna a daskare? Ai narkewa ba laifi ba ne.

A wuraren da ake maganarsu, babban laifi ne. Akwai yankuna masu faɗi a arewacin duniya da kan tsaunuka inda ƙasa, daga ɗan zurfi kaɗan, ba ta haura digiri sifili shekara da shekaru. Masana suna kiran ƙasa daskararriya ta dindindin idan ta yi aƙalla shekara 2 a jere a haka. Kusan kashi biyu cikin uku na Rasha a kan irin wannan ƙasa yake, haka mafi yawan Alaska da kusan rabin Kanada. A wasu sassan Saiberiya zurfin daskarewar ya haura mita 1,000. Fatar sama ce kawai ke narkewa da bazara ta sake daskarewa da hunturu.

Idan ƙasar dutse ce ko busasshiyar tsakuwa, narkewarta ba ta da wata illa. Matsalar tana ga ƙasa mai laushi da ke cike da ƙanƙara. Muddin tana daskare, tana ɗaukar nauyi sosai. Da zarar ƙanƙarar ta narke, sai ta koma taɓo, ruwan ya tsiyaye, saman ya lotsa. Kuma ba ta lotsawa daidai wa daida. Kusurwa ɗaya ta gini ta nutse, ɗaya ta tsaya, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, bututun ruwa ya karye.

Abin takaicin shi ne ginin da kansa ke jawo narkewar. Gidan da ake ɗumamawa yana tura zafi ta daɓe. Kwalta baƙa ce, tana shan rana. Share ciyayi da gansakuka ma kaɗai ya isa, domin su ne ke kare ƙasar daga zafin bazara. Ko ba a kai ga narkewa ba, ƙasar da ke dab da sifili takan saki a hankali, ginshiƙin da ke cikinta ya riƙa zamewa ƙasa shekara bayan shekara. Bambancin digiri ɗaya ko biyu yana sauya nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka ƙwarai.

Wa ya fara wannan dabara?

Rufaffen bututu mai kai zafi ta hanyar tururi tsoho ne. Tun ƙarni na 19 iyalin Perkins a Ingila suka ƙera irinsa, aka riƙa amfani da shi a manyan tandunan gasa burodi. Shigar da shi cikin ƙasa don a riƙe daskarewa kuwa ya zo ne a tsakiyar ƙarni na 20, ta hanya biyu. A Tarayyar Sobiyet, injiniya Gapeev ya yi amfani da bututun da aka cika da kananzir. A Alaska kuma injiniya Erwin Long ya fito da ginshiƙin da shi kansa tamosaifon ne, aka fara sa shi a ƙarƙashin hasumiyoyin sadarwa a 1960.

Na kananzir ɗin ba ya tafasa. Ruwan da ya sha sanyi a sama yakan yi nauyi ya nutse, mai ɗumi ya taso, a riƙa zagayawa. Yana aiki, sai dai ƙarfinsa bai kai na mai tururi ba, shi ya sa yawancin na yau masu tururi ne.

Me ya faru a bututun mai na Alaska da ake yawan ambatonsa?

Shi ne aikin da ya fitar da tamosaifon daga gwaji zuwa sana'a. Bututun ya taso daga Prudhoe Bay a gaɓar arewa zuwa tashar ruwa ta Valdez a kudu, tsawon kusan kilomita 1,290, faɗinsa mita 1.2, kuma mai ya fara bi ta cikinsa a watan Yunin 1977. Ɗanyen mai da ɗuminsa yake fitowa daga rijiya. Da an binne bututun a ƙasa mai ƙanƙara, da ya narkar da makwancinsa ya lanƙwashe. Don haka fiye da rabin tsawonsa aka ɗaga shi sama, a kan ginshiƙai kusan 78,000.

Amma ɗagawa kaɗai ba ta wadatar ba. Su ma ginshiƙan a cikin daskararriyar ƙasa suke tsaye, a wurare da yawa kuma ƙasar tana dab da narkewa. Sai aka zura wa mafi yawansu siraran bututun amoniya bibbiyu, jimilla sama da 120,000. In ka duba hoton ginshiƙi guda da kyau, za ka ga bututun ƙarfe mai faɗin kusan santimita 46 ya fito daga ƙasa, a samansa kuma kawuna biyu masu fikafikan alminiyom sun miƙe kafaɗa da kafaɗa. Tsakanin ginshiƙai biyu akwai gindin ƙarfe da babban bututun ke zaune a kai, an bar masa damar zamewa gefe da gefe saboda miƙewar ƙarfe da girgizar ƙasa. Hanyar ta ratsa ɗaruruwan kilomita na daji da tsauni. A irin wannan wuri, na'urar sanyaya da ke bukatar lantarki da makaniki a kowane ginshiƙi ba ma abin da za a kawo a magana ba ne.

Wane ruwa ya fi dacewa a zuba a ciki?

Kowanne da nasa. Amoniya ta fi kwasar zafi, matsinta kuma madaidaici ne, amma guba ce ga numfashi idan ta tsiyaye, kuma ba ta jituwa da jan ƙarfe. Kabon dayoksaid ba ya kama wuta, ba shi da irin wannan guba, sai dai matsinsa mai yawa ne, dole bututu da waldarsa su zama na ƙwarai. An yi amfani da gas irin su furofen da buten, da kuma gas ɗin firji. Ruwan sha bai shiga lissafi ba, tunda zai daskare tun kafin a fara.

Yawan abin da aka zuba shi ma magana ce. In ya yi kaɗan, lulluɓin zai bushe kafin ya kai gindi. In ya yi yawa, nauyin ruwan da ya taru zai danne na can ƙasa ya hana shi tafasa sai da bambancin zafi mai yawa.

Ginin da ke zaune daɓas a ƙasa fa, ta ina za a sa masa bututu?

Ƙananan gidaje a waɗannan yankuna akan ɗaga su ne a kan ginshiƙai, a bar iska mai sanyi ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, kamar yadda aka gina mafi yawan birnin Yakutsk na Saiberiya. Amma garejin manyan motoci, rumfar jirgin sama ko tankin mai, nauyinsu ya fi ƙarfin a rataye su. Irin waɗannan ake shimfiɗa wa bututun a kwance.

Ana fara zuba tsakuwa a daddale, a jera bututun a ciki, a rufe da wata tsakuwar, a shimfiɗa soso mai hana zafi wucewa, sannan a zuba kankaren daɓe. Kawunan masu fikafikai a gefen ginin suke fitowa, a jere a jikin bango. Tsohon salo shi ne a ɗan karkata bututun domin ruwa ya iya gangarawa har ƙarshe. Daga baya aka fito da na zobe, wanda ke kwance daidai ya zagayo ya dawo, ya kuma fi sauƙin shimfiɗawa a ƙarƙashin babban gini. Kanada ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan irin wannan harsashi a 2014. A Rasha kuma ana amfani da manyan tsare-tsare irin wannan a filayen gas da mai na arewa, ciki har da yankin Yamal.

Sosan nan ba ado ba ne. Shi ke rage zafin da ke sauka daga ɗaki a duk shekara, musamman a watannin da bututun ke kwance ba ya aiki. In babu shi, sanyin da aka tara zai ƙare tun bazara ba ta raba ba. Ruwa ma abokin gaba ne: ruwan rufi ko na famfo da ke tsiyaya a gindin gini yana ɗauke da zafin da zai iya rinjayar bututu komai yawansu.

A hanyoyi da layin dogo ma yana aiki?

Yana yi, amma da sharaɗi. Layin dogo daga Golmud zuwa Lasa, babban birnin Tibet, wanda ƙasar Sin ta buɗe ranar 1 ga Yulin 2006, tsawonsa kilomita 1,142 ne, kusan kilomita 550 daga ciki a kan daskararriyar ƙasa. A mashigin Tanggula ya kai tsayin mita 5,072 daga saman teku. Ƙasar tudun Tibet ta fi ta can arewacin duniya rauni, domin da yawanta tana dab da sifili, ga rana mai ƙarfi. Injiniyoyin ba su dogara da dabara ɗaya ba. A wasu wurare sun yi dogayen gadoji a kan busasshiyar ƙasa, a wasu sun jibge fasassun duwatsu da iska ke ratsawa, a wasu kuma suka kafa tamosaifon a gefen layin.

Wahalar hanya ita ce faɗinta. Bututun da ke tsaye a gefe yana sanyaya kafaɗar hanya fiye da tsakiyarta, ɓangaren da ke fuskantar rana kuma ya fi ɗayan ɗumi. Idan sanyin bai daidaita ba, hanya takan tsage a tsaye, tsagar ta bi tsawonta. Maganin da ake yi shi ne a karkata bututun ya shiga ƙarƙashin tsakiyar hanya, ko a haɗa shi da soso.

Bututu ɗaya, nisa nawa sanyinsa ke kaiwa?

Ba nisa. 'Yan mitoci ne a kewayensa, shi ya sa ake jera su kusa da juna. Ƙasa ba ta sakin zafi da sauri, ruwan cikinta kuma yana da taurin kai: kowane kilo sai an cire masa kilojul 334 kafin ya zama ƙanƙara. A ɗauka ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya tana ɗauke da ruwa kilo 300. Sai an cire kusan kilojul 100,000 kafin ta daskare. Bututun da ke jan wat 200 zai yi kusan kwana 6 a kan wannan kaɗai. Ƙarfin jan kuma yana hawa da sauka tare da tsananin sanyi da kaɗawar iska. Daren sanyi mai iska ya fi daren sanyi mai tsit amfani nesa ba kusa ba.

Tunda ba inji, ke nan ba ya lalacewa?

Yana lalacewa, kuma shiru yake yi, wanda shi ne haɗarinsa. Inji in ya mutu za a ji ya daina ƙara. Shi wannan, mai aiki da matacce kamanninsu ɗaya.

Walda na iya yoyo, gas ya fice. Mota ko injin share ƙanƙara na iya bankaɗe kan. Dusar ƙanƙara na iya binne fikafikan, ko a gina wani abu da zai tare musu iska. Sai kuma wata cuta ta ciki da aka gano a Alaska: a cikin wasu bututun amoniya, iskar haidirojin ta riƙa taruwa a hankali. Ita ba ta komawa ruwa a wannan sanyi, don haka tururi ke tura ta can ƙololuwa, ta zauna ta mamaye wurin. Duk inda ta mamaye, fikafikan wurin sun tashi daga aiki. An gyara da yawa daga cikinsu ta hanyar fitar da abin da ke ciki a sake cika su da kabon dayoksaid.

Hanyar ganewa ita ce kyamara mai ganin zafi, a tsakiyar hunturu. Kan da ke aiki ya fi iskar da ke kewaye da shi ɗumi, don haka a hoton yakan fito da haske daga ƙasa har sama. Wanda haidirojin ya toshe, sai a ga ƙasansa da haske, samansa baƙi, da iyaka a fili tsakaninsu, har a iya auna yawan abin da aka rasa. Matacce kuwa duhu ne gaba ɗaya. Ban da wannan, ana binne igiyoyin auna zafi a cikin ƙasa, a riƙa karanta su. Mai ginin da ya kafa bututu ya juya baya, ranar da zai san akwai matsala ita ce ranar da daɓe ya tsage.

Ban da riƙe gini, me kuma ake yi da shi?

Ana yin katanga da shi, domin daskararriyar ƙasa ba ta barin ruwa ya wuce. An yi amfani da shi a madatsun ruwa na wuraren haƙar ma'adinai a arewacin duniya. Misalin da ya fi ɗaukar hankali shi ne mahaƙar zinariya ta Giant, kusa da garin Yellowknife a Kanada, wadda ta yi aiki daga 1948 zuwa 2004. Gasa duwatsun zinariyar ya bar ƙurar gubar asenik tan 237,000, an tara ta a ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Ƙurar tana narkewa a ruwa, ga babban tafki a kusa. Fito da ita haɗari ne, barinta haka nan ma haɗari ne, gaba kura baya sayaki. Shawarar da gwamnatin Kanada ta tsaya a kai ita ce a daskarar da dutsen da ke kewaye da ɗakunan da ɗaruruwan tamosaifon, ruwa ya kasa shiga, guba ta kasa fita. Masu bitar aikin sun ƙi yarda a ɗauke shi a matsayin maganin har abada. Sun ce a lissafa shi na shekara 100, a riƙa sake dubawa duk shekara 20, a ci gaba da neman mafita ta dindindin. Ina ganin sun yi daidai.

Za a iya amfani da shi a ɗumama wani abu, maimakon sanyaya ƙasa?

Ƙwarai. Aikin ɗaya ne, abin da ake so ne ya bambanta. Zafin da ya fito ta kan bututun ana iya ba wa wani abu shi. A zurfin mita 10 zuwa 20, zafin ƙasa ba ya sauyawa sosai tsakanin hunturu da bazara, yana kusa da matsakaicin zafin iskar wurin na shekara. A ƙasashe masu matsakaicin yanayi, wannan ya isa ya narkar da ƙanƙara. An gwada shi a kan gadoji a jihar Wyoming ta Amurka a shekarun 1970 da 1980, ana amfani da shi a wasu hanyoyi a Japan, a Jamus kuma an yi na kabon dayoksaid don hana mahaɗar layin dogo daskarewa.

Akwai kuma na zurfi sosai. Zafin ƙasa yana ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi. Kamfanin Eavor na Kanada ya haƙa rijiyoyi biyu ya haɗa su a ƙarƙashin ƙasa, a lardin Alberta a 2019, ruwa mai sanyi na sauka ta ɗaya saboda nauyinsa, mai zafi na tasowa ta ɗayar, ba famfo. A 2023 ya fara haƙa babba a Geretsried da ke Jamus, mai zurfin sama da kilomita 4. Ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, tsadar haƙa ce za ta yanke hukunci.

To zai iya sanyaya ɗaki a wuri mai zafi, tunda ƙarƙashin ƙasa ya fi sanyi?

Wannan tambayar tana yawan zuwa, amsarta kuma ba mai daɗi ba ce. Sanyaya ɗaki na nufin kai zafi daga sama zuwa ƙasa, hanyar da tamosaifon ya ƙi bi ke nan. Ruwan zai kwanta a gindi, ɗakin ya ci gaba da zafinsa. Sai an sa ƙaramin famfo ya riƙa ɗaga ruwan sama, daga nan kuma ya tashi daga na'urar da ba ta cin wuta.

An yi bincike kan wata hanya: a bar bututun ya tara sanyi a ƙasa da hunturu, da bazara a kunna famfo a ɗebo sanyin. Wannan sai inda ake hunturu na gaske. Inda ake zafi shekara gaba ɗaya, ƙasar ma da ɗuminta, babu sanyin da za a tara.

Mene ne bambancinsa da bututun da ke sanyaya kwamfuta, ko injin ɗumama gida da zafin ƙasa?

Na kwamfuta ɗan'uwansa ne, sai dai an yi masa lagwani a bangon ciki wanda ke jan ruwa ya mayar da shi ko ta wace fuska, don haka yana aiki a kwance ko a kife. Injin ɗumama gida kuwa yana da kwamfuresa irin ta firji, yana cin lantarki, shi ya sa yake iya tura zafi daga wuri mai sanyi zuwa mai ɗumi. Tamosaifon ba ya iya wannan ko kaɗan.

Duniya na ɗumama. Dabarar za ta ci gaba da aiki?

A nan gizo ke saƙa. Bututun ba ya ƙirƙirar sanyi, na hunturu yake ara. Can ƙuryar arewacin duniya yana ɗumama fiye da ninki biyu na matsakaicin duniya, hunturu na gajarcewa, tsananinsa na raguwa. Ke nan a daidai lokacin da ƙasa ta fi bukatar taimako, kwanakin aikin bututun ke raguwa. Wanda aka ƙera bisa lissafin sanyin shekarun 1970 ba lalle ya wadatar a 2050 ba.

A Alaska an riga an ga alama. A 2020 kamfanin da ke kula da bututun man ya nemi izinin kafa ƙarin tamosaifon kusan 100 a wani gangare arewa da Fairbanks, inda narkewa ta sa ƙasa ta fara zamewa tana karkata ginshiƙai. Masu suka ba su rasa abin faɗa ba: ana daskarar da ƙasa don a ci gaba da fitar da man da ƙona shi ke narkar da ita.

Abin da masu ƙira ke yi yanzu shi ne su yi lissafi da yanayin da ake hasashe a ƙarshen rayuwar ginin, su ƙara yawan fikafikai, su matso da bututun kusa da juna, su ƙara kaurin soso. Da yawa kuma suna sa irin mai haɗe-haɗe, wanda ke aiki da kansa da hunturu, amma an bar masa mahaɗar da za a jona injin sanyaya idan bazara ta yi tsawo ko ana son ƙasa ta daskare da wuri. A wasu ayyukan ana barin mahaɗar a toshe tun ranar gini, ba a sayi injin ba tukuna, sai igiyoyin auna zafi sun nuna ƙasar ta fara matsowa kusa da sifili.